Sawu a Tasha ta Uku

Ni ke sharar filin besbol ɗin nan na La Romana,
bana shekara goma sha tara.
In an kashe fitilu, 'yan kallo sun watse,
ƙasa ce ke ba ni labarin wasa.

Ga sawun mutum uku.
Kowa ya dirje ƙafa a tasharsa
har ya yi rami don zumuɗi,
ba wanda ya iso gida.

Zagaye na tara, da ci ɗaya aka fi mu.
Eladio ya fito, sanda a kafaɗa,
gwiwa ɗaure tamau.
Jifa uku. Sau uku ya doki iska.
Da la'asar, wurin atisaye,
mutumin nan har bayan katanga yake aika ƙwallo,
kan motocin rake.
Dare na yi, sandar sai ta yi masa nauyi.

Koci Fermín ya ce da tsohuwar zuma ake magani.
To, ciwon bai ji ba.
Mutum goma sha ɗaya a benci
suna tauna cingam,
taron tsintsiya ba shara.
Cikinsu har da Wilkin,
wata guda wandonsa bai taɓa ƙasa ba,
mai wanki ma ta gaji da ninke shi fari fat.

Gobe masu kulob za su zauna a sanyin ofis,
a sayo wani, a sallami wani.
Ni dai na ja manjagara,
na yayyafa ruwa.
Ramin Eladio na bari ƙarshe.
Ya fi na kowa zurfi.