Akwatin Verlie Cogdill

Ubana mace yake kiran wannan bishiya.
Ya ce dubi ɓawonta, duk ƙuraje cike da ƙaro,
huda ɗaya da tsinke, ta tsattso miki kamar nono.
Da shi ya liƙe mini saran gatari a dunduniya
ina 'yar shekara tara,
nan kan tsaunukan Karolina, inda gajimare ke kwana a ƙasa.

Fir ne sunanta a takardun ofis.
Yau rabinsu sun mutu a tsaye,
fari fat, ba ganye,
kamar masu jiran a fito da gawa daga coci.

Wanda ya kashe su ido ba ya kama shi.
Gutsuren auduga ne dai manne a jikin itace.
Ya tsallako teku cikin dashen wani mai son ƙawa,
ko sallama bai yi ba.
Ya soka baki, ya sha, ya tofa dafi,
reshe ya kumbura kamar gaɓar tsohuwa,
ruwa ya daina hawa.
An ce a garinsu ba ya wannan rashin kunya,
don a can akwai mai karya kumallo da shi.

To, da ɗan gari kan ci gari.
Aka kawo mana ɗan garinsu,
buzuzu baƙi wuluk, da kaɗan ya fi ƙwayar riɗi.
Kakanninsa sun shekara uku a kulle a ɗakin gwaji,
ana miƙa musu abincin da ba nasu ba
a ga ko kwaɗayi zai sa su ci amana.
Suka zaɓi yunwa.
Shi ya sa na yarda da su.

Ɗari huɗu da goma sha ɗaya a akwatin kwali,
na ƙirga da kaina. Biyu sun mutu a mota.
Orval direba ya tofar da tabarsa, ya ce,
a ba shi jirgin feshi da kwana biyu.
Na ce, tsuntsayen fa? Kifin rafin da kake ci fa?
Ya ce gwiwarsa na ciwo, zai jira ni a ƙasa.

Na hau ni kaɗai.
Da burushin fentin jikata na ɗauke su ɗaya bayan ɗaya,
na aza a kan farin nan.
Na ce, ga tuwonku, bismillah ɗinku ku kuka sani.
Ba wanda ya waiwayo.

Sai hunturu ya rufe hanya wata biyar.
Dare ya raba, ƙanƙara na ƙwanƙwasa taga,
ni ina tunanin baƙin da na bari ba bargo.

Da dusar ta narke na koma.
Na shimfiɗa farin ƙyalle a ƙarƙashin reshe,
na buga da sanda.
Busassun allurai. Gizo-gizo. Ƙura.
Bishiya ta biyu, haka. Ta tara, haka.
A ta goma sha bakwai wani ɗigo ya motsa,
sannan wani, sannan wani.

Uku.
Ban san ko uku za su iya da dutse guda ba.
Na rubuta a littafi, hannuna na rawa,
na matsa gefe kada in taka wata 'yar fir
da ta kawo mini gwiwa.