Harafi Ɗaya a Jikin Sanda

Ni ne Jitman Rai, ɗan dako.
Daga Lukla zuwa Namche
babu dutsen da ƙafata ba ta gaisa da shi ba.
Igiyar kwando shekara talatin tana cin goshina,
har ta yi wa kanta makwanci.

Ina ɗan shekara takwas
malamin ƙauyenmu ya ƙwanƙwasa kaina da yatsa,
ya ce, "Kun ji? Babu kowa a ciki.
Wannan kai na ɗaukar kaya ne."
Yara suka yi dariya, ni ma na taya su.
Na ɗauki maganar na aza bisa kwando.
Ta fi buhun shinkafa nauyi,
ta fi tukunyar gas,
kuma ita kaɗai ce kayan da ban taɓa saukewa ba,
ko a wurin hutu.

Ranar biya sai in dangwala babban yatsa.
Mai sikeli ya faɗi abin da ya ga dama,
in ce to.
Wanda bai iya karatu ba
da kunnen wani yake gani.

Sumnima, 'yata, ita ta gaji da ni.
Wani dare, ana dafa wake,
ta ɗauki sandar da nake tokare kaya da ita,
ta zana abu ɗaya da ƙusa.
Ta ce, "Baba, wannan sunansa ka.
Kai shi Namche ka dawo da shi."
Na ce kaina ya bushe.
Ta ce, "Ai ba ka za ka biya kuɗin dako ba."

Na tafi da shi.
A gadar da ke lilo bisa kogi
na duba, yana nan.
A hawan da numfashi ke ƙarewa
na duba, yana nan.
Kwana biyu, sai ga shi a jikin kwalin taliya
a bayan wanda ke gabana,
yana rataye a layinsa kamar wanki a igiya.
Na tsaya cak, har jakai suka ture ni.

Kullum ɗaya. Wani lokacin rabi.
Wasu sun shige ni kamar ruwan shayi,
wasu sun yi mako suna taurin kai.
Da damina na watsar,
na ce malam ya yi gaskiya,
na jingine sandar bayan ƙofa wata biyu.
Ba wanda ya lallashe ni.
Da safe ne kawai na ga
ƙura ta cika ramukan haruffan,
na ji kunya kamar na bar yaro da yunwa.
Na goge. Na koma kan ka.

Dutse ba ya matsowa don an yi masa kuka.
Wannan na sani tun ina saurayi:
ba a kallon ƙololuwa,
ana kallon inda ƙafa za ta sauka.
Abin mamaki, ban taɓa zaton
kai ma haka yake tafiya ba.

Bana, a gaban mai sikeli,
ya ce hamsin.
Na sunkuya, na ɗauki lokacina,
na ce, "Sittin da biyu."
Ya dube ni. Na dube shi.
Ya miƙo tawadar yatsa,
na ce a ba ni biro.
Sunana ya fito a karkace
kamar tsoho mai hawan tudu,
amma ya isa.

Har yanzu dako nake yi, kada a yi ƙarya.
Sai dai yanzu mu tara ne,
littafin lissafinmu yana aljihuna.
Sandar ta cika, babu sauran wuri.
Jiya na sayi sabuwa,
na ba Harka, wanda ya girme ni,
da abu ɗaya zane a jikinta.