Wasiƙar Hulusi ga 'Yarsa, Daga Bursa

Perihan, na ga hoton kicin ɗinki.
Tayil shuɗi, famfo mai wuyan zalɓe,
kabad sabo fil, har ina jin ƙamshin fenti.
Madalla. Ajiye shayin, ki saurari tsoho.

Shekara talatin da ɗaya ina shiga gidajen mutane
bayan ruwa ya janye, bayan wuta ta ƙoshi,
ma'auni a hannu, biro a kunne.
Ban taɓa tarar da ana dariya ba.

Kin tuna Sabri na hawa na uku?
Ya fasa bango, ya faɗaɗa falo,
ya shimfiɗa katako har ana ganin fuska,
bai gaya wa kamfanin inshora ba.
Da bututu ya fashe cikin sanyin Janairu
ni aka aika.
Takarda tsohon gida ta sani,
kuɗin tsohon gida aka biya shi.
Har yau in mun haɗu a layin burodi
sai ya kau da kai.
Gemun maƙwabci ya kama wuta, 'yata, ga ruwa nan.
Gobe ki kira su, ki ce gidan ya ƙara daraja.
Rasit ɗin mai tayil da na mai famfo
kada su kwana a kicin ɗin.
Abin da zai ci kicin, shi zai ci rasit.

Awarwaron mahaifiyarki guda shida:
shimfiɗa farin ƙyalle, jera su, ɗauki hoto,
kai wa maƙerin zinariya ya auna,
ya rubuta, ya buga hatimi.
A saka su cikin yarjejeniya ɗaya bayan ɗaya,
don "kayan gida" kalma ce mai ƙaramin ciki,
ba ta ɗaukar zinariya sai ɗan kaɗan.

Sai mota.
Inshorar da doka ta tilasta, motar wani take gyarawa,
taki kuwa sai dai ki tsaya kina kallo.
Ki tambaye su ƙanƙara, ki tambaye su ambaliya,
ki tambayi nawa ne zai fita daga jakarki
kafin su buɗe tasu.
Ƙananan rubutun nan na shafin ƙarshe,
sa tabarau, karanta da rana.
A can macijin yake kwance.

Yanzu ga abin da ban taɓa gaya miki ba.
Ni mai wa'azin nan,
tawa ta ƙare, na ce sai an yi albashi.
Kwana tara kacal.
A na takwas sama ta yi baƙi daga wajen Uludağ,
ƙanƙara ta sauko kamar ƙwan kaza.
Na sunkuci dardumar falo, na fita ba takalmi,
Nermin na bina da barguna biyu tana kiran sunana.
Muka lulluɓe mota kamar mai zazzaɓi.
Gilashin gaba ya riga ya zama gizo-gizo,
rufi ya koma fuskar mai zanzana.
Wata bakwai ina hawa bas zuwa ofis
ina gaya wa mutane wai likita ya ce in rage tuƙi.
Mahaifiyarki ta tafi da sirrin nan kabari.
Ba a fafe gora ranar tafiya,
ni na fafe nawa ana cikin ruwa.

Rubuta ranar sabuntawa a jikin firij.
Ɗaure raƙuminki, sannan ki yi tawakkali.

Abu guda ne ban taɓa iya yi wa kuɗi ba.
Ƙyauren ɗakinki na da,
inda take zana tsayinki da fensir kowace sallah.
Da masu gyara suka zo, ni na cire shi da hannuna.
Yana nan bayan kabad ɗina.
Babu kamfanin da zai karɓe shi,
don haka ki zo ranar Lahadi ki ɗauka,
ki taho da takardun motar in duba.