Sawun Ruwa

A gaɓar Sidni, bayan ruwan sama,
Lachlan ya ajiye guduma,
ya shafa dutsen.

Rairayi ne, in ji shi,
wani kogi ya kwaso daga kudu
tun babu mutum a doron ƙasa.
Dubi layukan da suka karkace:
nan ruwa ya yi gaggawa,
nan ya gaji, ya sauke laka,
ya wuce ba sallama.

Jikarsa Imogen ta ƙanƙara da farce,
ƙwayoyi huɗu suka zubo, masu launin tsatsa.

Kaka, ina kogin?

Ya nuna matakalar da suka sauko.

Iska ta kwashe ƙwayoyin
zuwa teku, inda suka nufa tun farko.