Tsatsar Ɗakin Inna

A kasuwar Ƙofar Ruwa na fara ganinta,
tsakanin tulin rodi da matattun injina,
tana ɗaga tsohon kwanon rufi tana juyawa
kamar mai duba haƙoran rago jajibirin Layya.
Marjatta sunanta. Bakinmu ya ƙi ɗauka,
Tasi'u mai walda ya raɗa mata Murjanatu, ta amsa.

Daga Finlan take, in ji ta,
inda rana kan ƙi faɗuwa wata guda cur,
daga baya ta yi yaji, ta bar su da duhu.
Na ce, to mai azumi yaushe zai sha ruwa?
Ta yi dariya. Ba ta da amsa.

Shekara goma sha biyu rabonta da buroshi.
Farin akoko take jiƙawa da ruwan tsamiya,
ta shimfiɗa kan ƙarfe, ta danne da duwatsu,
ta ba shi kwana uku.
"Ƙarfen ne mai zanen," ta ce, "ni wanki kawai nake yi."

Sabon kwano bebe ne, ba ta so.
Sai na kai mata falle biyu na ɗakin Inna
da ruwan Agusta ya kwantar bayan rasuwarta.
Na ɗora a sikeli, na faɗi kuɗin kilo.
Ciniki ne. Ban ƙara ko kwabo ba.

Ranar ɗagawa ta ce in riƙe gefe ɗaya.
Ga layuka kamar kunyoyin gona.
Ga ramin ƙusa goma sha ɗaya.
Ga inda Baba ya liƙe da kwalta, fari fat, tsatsa ba ta ci ba.
Can kuma wajen kusurwa, wata 'yar huda,
ja ya zagaye ta kamar lalle a tafin hannu.

Nan ne yake yoyo.
Nan ƙasansa Inna ke ajiye langa,
mu yi barci da ɗis, ɗis, ɗis,
tana cewa da safe za a kira mai gyara.
Shekara ashirin safiyar ba ta waye ba.
Kuma akokon nan da ke hannuna,
irinsa muka yanko mata a Kwari, yadi biyar.

Murjanatu ta ce, ya ka gani?
Na ce, ya yi.

Bayan wata bakwai hoto ya shigo wayata:
wani ɗaki fari, ba taga,
mutane cikin manyan riguna, hannu a baya,
suna tsaye gaban rufinmu.
A gefe, ƙaramar takarda:
kwano, tsamiya, kwana uku, Kano.
Babu sunan Inna. Ai ban faɗa mata ba.

Langar tana nan, kaji ke shan ruwa a ciki.
Ni kuwa yanzu in an kawo min kwano awo,
sai na ɗaga shi sama tukuna,
in ga ta ina haske ke shiga.
Tasi'u ya ce ina ɓata wa mutane lokaci.