Littafin Koci a Aboabo

An tashi atisaye, fili ya koma hannun awaki.
Na zauna kan tsohuwar taya da biro da littafi.
Wasa goma sha tara, uku muka ci.
Shugaba na son sunaye kafin Juma'a:
wa zai zauna, wa zai tafi.

Mutawakilu, lamba bakwai.
Da ya zo, gudu kaɗai ya iya,
kamar yaron mota ya hango fasinja a Kejetiya.
Yanzu yakan ɗaga kai kafin ya buga.
Sau biyu na gani. Na rubuta: sau biyu.

Kwabena gola ya sha talatin da ɗaya,
amma ran da muka je Obuwasi
ya tashi da jini a haɓa yana yi wa manyansa tsawa.
Wannan ba ya shiga lissafi.

Inusa fa?
Ƙafar hagu zuma, zuciya ta kaza.
Ihu ɗaya daga bayan waya, sai ka neme shi ka rasa.
Kuma kullum shi ke riga kowa zuwa,
hayaƙin murhun uwarsa na jikin rigarsa.

Ladan ya kira magariba.
Gaban sunan Inusa na bar fili.
Gobe da sauran tawada.