Ofishina a Zaure

Ofishina zaure ne.
Ƙofa ɗaya tana kallon hanyar Ringim,
ɗaya tana kallon turken awakin Inna.
Teburina tsohon ƙyaure ne a kan bulo huɗu,
har yau da ramin sakata a jikinsa.

Ba ni da oga.
Haka nake gaya wa abokai a dandali,
ba na ƙara musu da cewa
duk wanda ya turo aiki oga ne:
wata mata a Abuja, wani Tunde a Ikko,
da wani da ban taɓa jin muryarsa ba,
hotonsa kawai na sani, yana rungume da kare.

Murya suke aiko min, in mayar da ita rubutu.
Hira da manoman shinkafa, hira da ungozomai.
In toshe kunne, in bi magana
kamar mai bin sawun ɓatacciyar tunkiya,
in tsaya, in koma baya, in sake ji.
Wata tsohuwa ta yi tari a cikin faifan,
zakara ya amsa mata,
na rasa ko nasu ne ko namu.

Sabis ba ya shiga zaure sai ya ga dama.
Mazauninsa gindin ɗorawar Malam Sha'aibu.
Can nake zuwa in ɗaga waya sama
kamar mai nuna wa jama'a jinjirin wata,
har aikin ya wuce.

Da damina ni da Baba sahunmu ɗaya,
addu'armu biyu.
Shi yana roƙon hadari,
ni ina roƙon ya dakata zuwa la'asar,
don farantin sola guda ne a kan soro
kuma batir ya tsufa.
Allah Ya san yadda Yake raba mana.

A bakin rijiya an ce damfara nake yi.
Gwaggo Tabawa ta ce ƙato da digiri
ya kwanta kan akwati kamar kaza a kan ƙwai.
Tunda dai kana nan, duba min takardar asibiti.
Tunda kana nan, tura wa Iliya kati.
Tunda kana nan, riƙe min yaron.
Gumin mai zama ba ya jiƙa riga,
shi ya sa ba a lissafa shi.

Wani ya ci min kwana tara.
Ya ce gobe, gobe ta haifi jibi,
jibi ta toshe lambata.
Wane mai unguwa zan kai wa ƙarar
mutumin da ban san unguwarsu ba?
Na rubuta sunansa a bayan littafi,
ƙarƙashin bashin mai shayi.

Sai aka yi wata guda shiru.
In buɗe akwatin, ya kalle ni, in kalle shi.
Inna ta ajiye min fura ba ta ce komai ba,
shirun ya fi furar kauri.

Ran wata Talata ina alwala, waya ta yi tsuwa.
Na ƙirga sifilin sau uku da jiƙaƙƙen yatsa.
Na ciro a shagon Ɗanjuma,
na ɗoro taki buhu biyu a amalanke.
Baba ya zagaya buhunan, ya latsa ɗaya da ƙafa.
Ya ce, daga akwatin ne?
Na ce, e.
Ya ce, to.

Da asuba na ji motsi a kan soro.
Na leƙa: Baba ne a kan tsani,
yana goge kashin tattabaru daga farantin
da gefen rigarsa,
ya ɗan karkata shi gabas.
Ya sauko, ya saɓa fartanya,
ya tarar da yara suna langa a ƙofar zaure.
Ya ce, ku matsa can gaba,
Nafi'u yana gona.